Baful Biyar, Kunne Ɗaya

Masu turo mini saƙo kuna cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, ni ma haka aka ja nawa. Yau dai zan faɗi abin da na ɓoye muku tun farkon labarin nan. Wadda ta ga dama ta zage ni, wurin rubutu yana nan ƙasa, kuma kyauta ne.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Lai'atu, tela ce ni a Madawa, lokacin ina da shekara ashirin da uku, a ƙarshen 1999. Wanda zai aure ni Irmiya ne, mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, a asibitin mishan, yana zuwa gida kan moto, wato babur, kowace Asabar. An yi shelar aurenmu Lahadi biyu a majami'a. Saura ta uku, ranar da Fasto zai yi tambayar ƙarshe ko akwai wanda ya san wani abin da zai hana.

Akwai wadda ta sani, kuma ni ce. Kunnena na hagu ba ya ji.

Sanƙarau ne ya tafi da shi a zafin 1995, ina wurin kakata a Tama. Na tashi da raina, na bar kunne ɗaya a can. Lokacin akwai wani Yoshuwa daga Urno da ke nemana. Ni da shashancina na gaya masa gaskiya, shi da nasa shashancin ya gaya wa uwarsa. Baiwar Allah ta zauna ta yi bincike mai zurfi, ta gano cewa kurumta tana bin nono, jikokinta duka za su fito ba sa ji. Sati biyu aka zo aka kwashe kayan gaisuwa, har da sabulun da muka riga muka fara wanka da shi.

Tun daga ranar Inna ta buɗe mini makaranta. A majami'a in zauna a ƙarshen benci ta hagu, kowa ya kasance a damata. A hanya in bi jikin bango. In an yi magana ban ji ba, in sunkuyar da kai in yi murmushi. Garin nan kaf aka shaide ni da kunya. Mata suna cewa ƴaƴansu, ku dubi Lai'atu, ko ido ba ta haɗawa da mutane. Ni kuwa kaina kawai nake juyawa ina farautar magana.

Da Irmiya ya fito, Inna ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ki riƙe bakinki har a ɗaura," ta ce. "Bayan an ɗaura, in shina da ƙara shi kai wa Allah, tunda Shi ya yi sanƙarau."

"Inna, ba ƙarya ba ce wannan?"

"Ya tambaye ki?"

"A'a."

"To ina ƙaryar?"

Wata goma sha ɗaya muka yi a haka. Kuma da mun kai, ba don wani likita Bature da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu ba. Mutum ya rasa abin da zai bar wa Irmiya, duk da firiji da tukwane da ke gidansa, sai na'urar kallon faifai, abin da daga baya kowa ya sani da DVD. Tare da ita akwai akwatunan sauti, waɗanda muke cewa baful, ƙanana biyar da wani ƙato mai gurnani da ake ajewa a ƙasa. Mu da ko gado ba mu gama haɗawa ba, ga mu da silima.

Ranar Juma'a takardar Irmiya ta iso, a bayan katin asibiti kamar kullum: "Ki zo gobe ƙarfe uku. Ina buƙatar kunnuwanki." Na karanta sau huɗu. Duk gaɓoɓin da Allah ya ba ni, ga ido, ga hannun ɗinki, ga haƙora farare, mutumin nan ya tsallake ya zaɓi kunnuwa. Har ma da jam'i.

Inna ta ce in na ƙi zuwa za a yi zargi. Ta fito mini da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na yi wa hannu mai tattara, ta ɗaura mini kallabi da kanta. Ta kuma sa mini manyan ƴan kunnenta na biki, wai kada a ga bambanci. Na hagun ya sha ado daidai da mai aikin. Ƴar rakiya kuma Gwaggo Cima, ƙanwar Baba, wadda ba ta taɓa zama minti goma a wuri ɗaya ba tare da barci ya ɗauke ta ba.

Ɗakin da Irmiya ya gina mana yana ƙarshen gidansu, an yi masa daɓen siminti da rufin kwano, yana warin sabon fenti. Tele, wato talabijin, tana kan tebur. Baful ɗaya a kanta, biyu a gefenta hagu da dama, biyu kuma a rataye a bangon baya. Wayoyi sun bi gindin bango a miƙe, kowace da ƴar takarda mai suna. A tsakar ɗaki kujera guda ɗaya tak, an zagaye ƙafafunta huɗu da alli.

"Wannan taki ce," ya ce. "Duk lissafin a kanta za a yi shi."

Zuciyata ta yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Ba a taɓa zana mini wuri da alli ba.

Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta jefa goro a baki. Kafin Irmiya ya gama kashe fanka, wai ƙararta za ta ɓata aiki, barci ya kwashe ta.

"Zauna," ya ce mini. "Riƙe wannan a kan hancinki."

Bakin metir ɗinsa na ƙarfe ne. Ƴan mata, ku da ake kai ku shan sanyi ana ɗaukar ku hoto, ku gode wa Allah. Ni zancen da aka yi mini ana saura kwana takwas bikina, shi ne aka ɗora mini metir a hanci ana ja zuwa bango. Ya auna zuwa baful na gaba, metir uku. Na kan tele, uku saura kaɗan. Na baya, ɗaya da rabi. Kowanne ya rubuta a kaye, ɗan littafinsa na aljihu, harshensa a waje.

"Duk wannan na mene ne?"

"Sauti tafiya yake yi, kamar mutum," ya ce. "Na baya sun fi kusa da ke. In aka sake su tare, za su riga na gaba isowa, sai abin ya rikice. Don haka ake gaya wa na baya su ɗan dakata, duka su iso kunnenki lokaci guda."

"Su dakata har yaushe?"

"Kashi huɗu ko biyar cikin dubu na daƙiƙa ɗaya."

Mutumin da ya taɓa barina awa biyu a tasha yana gyaran injin wani, shi ne yau kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ya hana shi sukuni. Na ce masa Allah ya ƙara basira.

Ya ɗauki telekomand, wato rimot, ya shigar da lambobin. Yana dannawa yana bayani: da wannan ɗan abin kaɗai ake shiga wurin gyaran, babu maɓallinsa a jikin na'urar, kuma babu irinsa daga nan har Yamai. Na'urar kuma saiti ɗaya take riƙewa, in ka sa sabo ta manta tsoho. Na ce to. Har nan lafiya lau, aikin hanci ne, kuma hancina ba shi da matsala.

"Saura ƙarfin murya," ya ce. "Kowane baful zai yi shuuu shi kaɗai. Ki gaya mini wanda ya fi ƙarfi da wanda ya yi ƙasa, har su zama ɗaya. Bature yana da ɗan abin awo, amma ya tafi da shi."

"Kai ba ka da kunne?"

"Sati guda ina gefen injin kuran na asibiti. Kaina har yanzu ƙugi yake. Ke kuwa ba abin da ya taɓa naki sai keken ɗinki."

Ya danna. Wata ƙara ta tashi irin ta ruwan sama a kan kwano. Ina jin ta sarai, amma a ce daga ina take fitowa, wannan kuma sai masu kunne biyu. Allah ya taimake ni, tele tana nuna hoton ɗaki da ƴan akwatuna, wanda ke ƙara yana ƙyaftawa. Na kafe shi da ido. Na hagu ya ƙyafta, ƙarar ta zo mini a dushe, na ce daidai. Na tsakiya, daidai. Na dama, daidai. Na baya biyu, daidai, daidai. Na ce a raina, Inna, ɗalibarki ta ci jarrabawa.

Irmiya ya yi ƴar dariya.

"Na bayan hagu na rage shi da huɗu da gangan. Ba ki lura ba."

"Zafi ne. Ka kashe fanka."

"Ido ne ke ruɗinki. Kowa haka yake."

Ya ɗauko mayafin tebur ya lulluɓe tele. Ya ce in rufe ido, kada in juya kai, kuma ba zai bi su a jere ba, zai riƙa tsallakewa. Sannan ya ƙara da wata magana a hankali, daga damata, inda ba ni da hanyar cewa ban ji ba.

"Ki faɗi abin da kika ji, Lai'atu. Ba abin da zai yi mini daɗi ba."

Na rufe ido. Gumi yana bin bayana. Makarantar Inna ba ta koyar da wannan darasi ba. In na ce daidai, wataƙila tarko ne. In na ce ya yi yawa, wataƙila shi ne wanda aka rage. Ƙaryar ma sai ka san inda gaskiya take kafin ka kauce mata, ni kuwa ban san hagu da dama ba a cikin duhun nan. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne abin da na shekara huɗu ban gwada ba.

Shuuu. "Wannan ya yi."

Shuuu. "Wannan ya yi ƙasa. Ƙara."

Ƙit. "Ƙara." Ƙit. "Ƙara." Ƙit, ƙit.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Da na ce ya isa, muka wuce wani, ya yi. Wani, ya yi. Sai wani kuma da ya sha ƙari har na gaji da faɗa. Da na buɗe ido ya yaye mayafin, ga lambobi a tele. Uku suna kan sifili ko kusa. Na gaban hagu ƙari takwas. Na bayan hagu ƙari tara. Ƙarshen abin goma ne.

"Wataƙila baful ɗin ne suka bugu a hanya," ya ce, ba ni yake kallo ba.

Na ce wataƙila. Har na fara gode wa direban da ya kawo su.

Amma gwani gwani ne, kuma ranar na tsani gwaninta. Ya durƙusa ya kwance wayoyi, ya ɗauke baful na hagu ya kai dama, na dama ya kawo hagu. Ya mai da komai sifili. Ya ce in sake rufe ido. Muka sake daga farko. Baful sun canza wuri, lambobi ba su canza ba. Takwas da tara, duka a hagu.

Ya daɗe yana kallon kayensa. Ni kuma ina kallon layin alli.

Maimakon ya yi tambaya, sai ya sa faifai ɗaya daga cikin uku da Bature ya bari, na wasu mawaƙa masu yawa a wata babbar majami'a. Suka buɗe baki. Kada ku ce zan ce muku kunnena ya warke, bai warke ba, har yau da nake rubutun nan. Amma shekara huɗu duk abin da ke haguna yana zuwa mini a dushe, kamar daga bayan katanga. Ranar ya zo cikakke. Matan da ke tsaye a wancan gefen na ji su tas, har da wata mai siririyar murya da ke jan ƙarshen baiti. Rabin ɗakin da na yafe ya dawo. Na ji daɗi, na ji tsoro, kuma na ji haushin Inna, duka a lokaci guda. Hawaye ya zubo ya ɓata mini kwalli.

A daidai nan aka ɗaga labule. Mama Debora ce, uwar Irmiya, shugabar mawaƙan zumuntar mata. Matar da in mutum arba'in suna waƙa, ɗaya ta kauce, za ta nuna ta da yatsa ba tare da ta waiwaya ba. Ta tsallake Gwaggo Cima ta shigo.

"Wanga shi ne abin da Fasto da dattawa za su zo gani gobe bayan sujada? Tashi, ɗiyata, in ji."

Na tashi na durƙusa na gaishe ta. Ta zauna a kujerar da aka auna da hancina. Ko layi ɗaya mawaƙan ba su gama ba ta dafe kunnen hagu.

"Kashe. Kashe, Irmiya. Mi ne ne haka? Gefe guda na ihu, gefe guda na raɗa. Kai ne garin ga duka ke kira gwani?"

Ya kashe. Ya dubi kaye, ya rufe shi, ya sa a aljihu.

"Kuskurena ne, Mama. Ban gane lissafin ba."

Ku da ba ku san Irmiya ba ba za ku gane nauyin maganar nan ba. Mutum ne da ya taɓa jayayya da Bature sati uku a kan waya ɗaya, kuma ya ci. Tunda nake da shi ban taɓa jin kalmar kuskure ta fito daga bakinsa da sunansa a jiki ba.

"To gobe sai ka kunyata mu gaban dattawa," Mama ta ce. "Shekara shida kana cin albashin kuran, baful biyar sun gagare ka."

Ya sunkuyar da kai yana karɓa. Na dubi sunkuyon nan na gane shi, nawa ne, wanda Inna ta koya mini. Ko aure ba a ɗaura ba har na fara koya masa.

"Mama, ba shi ba ne. Ni ce na saurara."

"To?"

"Kunnena na hagu ba ya ji. Tun sanƙarau na Tama. Shekara huɗu ke nan."

Gwaggo Cima, wadda mawaƙa ɗari ba su tayar ba, wannan ta tashe ta. Ta shaƙe da goro tana tari tana cewa yarinyar zafi ne ya taɓa ta. Ba wanda ya kula ta.

Mama Debora ta dube ni daga kallabi har ƙafa. Idonta ya tsaya a kan ɗan kunnen Inna na hagu.

"Uwarki ta sani?"

"Ta sani."

"Lahadi biyu tana zaune gefena ana shela, har tana riƙe mini hannu." Ta miƙe ta gyara zane. "Irmiya, mai da abin ga yadda masu kunne biyu za su ji." Ta fita, kuma ba ɗakinta ta nufa ba, na ji ƙarar ƙofar gida.

Gwaggo ta naɗe tabarma ta ce tana jirana a waje, don ita ba da ita aka yi ba.

Muka rage mu biyu da fanka a kashe.

"Ashe ba kunya ke sa ki bin jikin bango ba," ya ce.

"A'a."

"Wata goma sha ɗaya, Lai'atu. Ina aiki a asibiti. Kullum ina ganin waɗanda sanƙarau ya taɓa. Me kika ɗauke ni?"

"Na ɗauke ka mai uwa. Na farkon ma uwa gare shi."

Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Ya ɗauki telekomand. Na ce shi ke nan, yanzu zai mai da takwas da tara sifili, a share alli, gobe a zo a kwashe kaya. Har na fara tunanin sabulun da muka taɓa. Ya juya abin a hannunsa sau biyu, sannan ya zagayo ta damata ya miƙo mini.

"Riƙe."

"In yi me da shi?"

"Ki tafi da shi gida. In yana nan Mama za ta sa ni in canza, kuma ban iya yi mata gardama ba."

"Fasto fa? Haka zai ji shi gobe?"

"Fasto yana da kunne biyu. Ya toshe ɗaya."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ban ce na huce ba. Raina ya ɓaci, kuma zai daɗe. Gobe in an yi tambaya a majami'a ni ba zan tashi ba. Mama kuwa ban san abin da za ta yi ba."

Na soke telekomand a ƙugun zanena. Duk hanya Gwaggo tana haguna tana zazzaga faɗa, kuma ranar ce kaɗai na gode wa sanƙarau.

Rana ba ta faɗi ba muka iso. A ƙofar ɗakin Baba ga takalman Mama Debora, a jere kamar an auna su. Inna tana tsaye gefen turmi, taɓarya a hannu, ba ta daka komai. Kallon da ta yi mini ya ishe ni abincin dare.

"Mi kika yi?" ta ce.

Kafin in amsa Baba ya kira daga ciki. "Lai'atu, shigo."

Na shiga. Baba yana kan kujerarsa, Mama Debora a kan tabarma. Inna ta biyo ni tana tura ni da gwiwar hannu zuwa ƙarshen tabarmar, jikin bango, wurina na kullum. Ban je ba. Na zauna a tsakiya, telekomand yana tokare mini haƙarƙari. Hakan ya sa Mama Debora ta faɗo a haguna. Ta gyara murya ta fara magana, ina ganin bakinta yana motsi, rabin kalmomin suna zubewa a hanya. Wuyana ya fara sunkuyawa da kansa, murmushin ma har ya taho.

Na ɗaga kai.

"Mama, ki yi haƙuri, ki dawo wannan gefen," na ce. "Ta nan nake ji."